Schnitzer Ta Yi Wa BMW Hidimar Shekara 50 Aka Sallame Ta: Laifin Wa?

A watan Disamba na 2020 kamfanin BMW ya sanar da cewa ya kawo ƙarshen aiki da Schnitzer Motorsport, ƙungiyar tseren da ta fi kowace ci masa kofuna a gasar motocin hawa, wato motocin da jikinsu irin na waɗanda ake sayarwa a kasuwa ne. Ba a daɗe ba garejin da ke Freilassing ya rufe. Masu bin tsere suka yi caa a kan BMW, suna cewa butulci ne. Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma a ganina ba butulcin ne ya kashe Schnitzer ba. Dokokin gasa ne suka yi ta zare aikin ƙira daga hannun ƙungiyoyi kaɗan-kaɗan, har ta kai ƙungiyar da ta taɓa ƙera injinta da kanta ta koma 'yar kwangilar canza taya. Wanda kuwa aikinsa ya tsaya a canza taya, sallamarsa ba ta da wuya.

Freilassing ƙaramin gari ne a Bavariya, a bakin iyakar Jamus da Ostiriya, daf da Salzburg. A 1966 Josef Schnitzer ya ci gasar Jamus da BMW 2000 ti wadda shi ya gyara abarsa, shekara ɗaya bayan haka shi da ƙanensa Herbert suka kafa ƙungiyar. Daga baya ƙannensu tagwaye, Charly da Dieter Lamm, waɗanda suke uwa ɗaya uba daban da su, suka shigo. Josef shi ne mai kan inji. Ya ƙera wa injin BMW mai silinda 4 kai nasa na kansa mai bawul 16, a lokacin da kamfanin yake da nasa injin tseren, kuma da injin Schnitzer ne Jacques Laffite ya ci gasar Formula 2 ta Turai a 1975. A 1977 da 1978 ma sun haɗa wa Toyota Celica mai turbo. Wannan shi ne abin da nake so a riƙe: a wancan zamani BMW na buƙatar Schnitzer ne don tana da abin da ba a samu a Munich, hedikwatar BMW. Josef ya rasu a hatsarin mota a 1978 a hanyarsa ta zuwa filin Zolder na Beljiyam, a shekarar da Harald Ertl ya ci musu gasar Jamus da BMW 320 mai turbo.

Zamanin da sunan Schnitzer ya fi tashi shi ne na dokar Group A, wadda ta fara aiki a 1982. Dokar ta ce sai kamfani ya ƙera mota 5,000 iri ɗaya cikin wata 12 kafin a yarda a yi tsere da ita, idan kuma yana son ingantaccen samfuri, sai ya ƙara 500. Siffar bodi da gangar inji dole su zama na kasuwa. Abin da ya rage kuma, a nan gwanintar gareji take. Ana karɓar bodi tsirara, a kankare kwaltar da ke ƙarƙashi da duk abin da ke hana ƙara shiga, don nauyi ne kawai. Inda masana'anta ta yi walda ɗigo-ɗigo, sai a bi haɗin a ƙara walda, domin idan bodi yana murɗewa a kwana, duk saitin da aka yi wa ƙafafu ya tashi a banza. A saka kejin bututun ƙarfe, wanda ban da kare direba yana ƙara wa bodin tauri idan an ɗaure shi da wuraren da shokozoba ke zama. Inji kuma a warware shi gaba ɗaya, a auna fistin da sandunansa ɗaya-ɗaya a kan sikeli har nauyinsu ya daidaita. Injin motar BMW M3 mai lita 2.3 da ke ba da ƙarfin doki 200 a titi, a haka yake kaiwa wajen 300 a fili. Gareji biyu za su karɓi kaya iri ɗaya daga kamfani, su fito da motoci biyu masu bambancin gudu da bambancin juriya.

Da BMW 635 CSi Dieter Quester ya ci gasar Turai a 1983, Roberto Ravaglia ya ci a 1986. Sai M3 ta zo, Ravaglia ya jera gasar duniya a 1987, ta Turai a 1988, da DTM, babbar gasar motocin hawa ta Jamus, a 1989, duk a motar Schnitzer. Ta 1987 ɗin ta cancanci a ɗan tsaya a kanta, don ta nuna yadda ake tafiya a bakin doka a lokacin. A tseren farko a Monza motocin M3 ne suka cika sahun gaba, amma masu duba mota suka ce falankin jikinsu bai kai kaurin na kasuwa ba, aka soke su duka, nasara ta faɗa hannun Holden ɗin Allan Moffat da John Harvey. Daga tsakiyar shekara Ford Sierra RS500 mai turbo ta fito, wadda ta fi M3 ƙarfi nesa ba kusa ba. Su ma sai aka kama su a Bathurst ta Ostireliya, aka ce ƙungiyar Eggenberger ta buɗa bakin mudugadi fiye da yadda doka ta yarda, aka ƙwace na ɗaya da na biyun da suka yi. Ƙarshen shekara Ravaglia ya fi direbobin Ford, Klaus Ludwig da Klaus Niedzwiedz, da maki ɗaya tak. Ba zan ce wannan tsarin tsaftatacce ba ne, kowa na neman kafar da zai bi. Amma mota mai ƙarancin ƙarfi ta ci gasar duniya saboda tana gama tsere kusan kullum, kuma gamawa aikin makanikai ne.

Mai kallo a talabijin yana ganin direba da tambarin kamfani, kamar yadda a filin sukuwa ake yi wa mai doki da mahayi kirari, babu mai tambayar wa ke kwana a barga. Aikin barga a nan ga yadda yake. Kafin mota ta fita, ana ɗora ta a kan sikeli huɗu, kowace taya da nata, da nauyin direba a kujera, a yi ta juya mazaunin sifirin har nauyin da ke kan gaba-hagu da baya-dama ya yi daidai da na ɗaya ɓangaren. Idan ba a yi ba, motar za ta ji daɗin kwanar dama ta ƙi ta hagu, kuma taya ɗaya za ta riƙa kullewa a birki. Ana kwantar da kan tayoyin gaba ciki da kamar digiri 3 zuwa 4, domin idan motar ta jingina a kwana tayar waje ta zauna sosai a kwalta. Da direba ya dawo, sai a soka ma'aunin zafi a wuri uku a faɗin taya: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Tsakiya ta fi zafi, iska ta yi yawa. Gefen ciki ya yi wa na waje nisa ƙwarai, kwanciyar ta wuce kima, kuma tayar za ta kumbura ta fashe daga nan. Iskar ma ba a cika ta a gareji, ana barin ta ƙasa don zafi zai ɗaga ta da kamar rabin bar a ma'aunin iska, saboda haka wanda ya yi lissafi da zafin rana ya ba direban dare, ya ba shi taya mai laushi da ba za ta kama ba.

A tseren awa 24 abubuwan da ke kashe mota ƙanana ne. Man birki yana shan danshi daga iska, wanda ya sha kuma yana saurin tafasa, direba ya taka ya ji fedar ta tafi ƙasa babu komai. Notin taya da aka ɗaura a karkace da bindigar iska yana cin zaren, sai a ɓata mintuna ana fama da shi. Ƙaramin dutse ya huda lagireto, ko ɓarɓashin robar taya ya toshe ramin da iska ke bi zuwa birki. Ƙungiyar da ta san aiki tana rubuta kilomita nawa kowane ƙarfe ya yi, ta cire shi kafin ya gaji, ba ta jira ya karye ba. Tana haɗa canjin birki da lokacin da za a sha mai a canza direba, don tsayawa ɗaya ta biya buƙata uku. Da irin wannan Schnitzer ta ci awa 24 na Spa a Beljiyam sau biyar, a 1985, 1986, 1988, 1990 da 1995, ta kuma ci na Nürburgring a Jamus, inda zagaye ɗaya ya haura kilomita 25, a 2004, 2005 da 2010.

Charly Lamm ne ya riƙe wannan ɓangare shekaru da dama, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne shiri da karanta doka. A 1993 ya kwashi ƙungiyar zuwa Ingila, filayen da ba su saba da su ba, ƙarƙashin dokar inji mai lita 2 da aka ƙayyade wa juyi 8,500 a minti. BMW 318i da ƙafar baya take ja, don haka doka ta ɗora mata nauyi fiye da masu jan gaba. Duk da haka Joachim Winkelhock ya ci BTCC, gasar motocin hawa ta Birtaniya, Steve Soper ya zo na biyu. Shekarar da ta biyo Alfa Romeo ta zo da 155 mai fukafukai, Gabriele Tarquini ya kwashe tsere biyar na farko, labari ya sauya. Soper ya ci gasar Japan a 1995, Winkelhock ta Jamus a shekarar, Johnny Cecotto kuma a 1998.

Le Mans ta 1999, gasar awa 24 ta Faransa, ba tseren motocin hawa ba ce, amma a nan aka fara ganin inda aka dosa. Motar, V12 LMR, BMW da Williams, ƙungiyar Formula 1 ta Ingila, ne suka ƙera ta, Schnitzer aka ba wa ta kula da ita a fili. Ɗaya daga cikin motoci biyun da aka kai tana kan gaba totur ya maƙale wa JJ Lehto ya daki shinge. Ɗayar, ta Winkelhock da Pierluigi Martini da Yannick Dalmas, ta ci bayan tayar Toyota da ke bin ta ta fashe a awar ƙarshe. Ita ce nasara ɗaya tilo da mota mai sunan BMW ta yi a kan gaba ɗaya a Le Mans. Babbar nasara ce, sai dai motar ba tasu ba ce, kuma daga nan haka aka ci gaba.

Ko a shekarun 2000 alamar ta bayyana. BMW na ba ƙungiyoyi da yawa mota iri ɗaya, kuma ƙaramar ƙungiyar RBM ta Beljiyam, da mota ɗaya da Andy Priaulx, ta riƙa shan gaban Schnitzer. A 2004 Priaulx da Dirk Müller na Schnitzer sun yi kunnen doki a maki a gasar Turai, aka ba Priaulx don ya fi yawan nasara. A 2006 ya fi Jörg Müller na Schnitzer da maki ɗaya a gasar duniya. Darasin da manyan Munich za su ɗauka a nan a fili yake: idan motar daga wurinmu take fitowa a gama, kowa ma zai iya ci da ita.

Da BMW ta koma DTM a 2012, bayan shekara 20 da fita, dokar ta riga ta kai maƙura. Akwatin da direba ke zama a ciki iri ɗaya ne ga BMW da Audi da Mercedes, giya iri ɗaya, taya daga kamfanin Hankook kaɗai. Inji V8 ne mai lita 4 da aka taƙaita masa iskar da yake sha, kamfani ne ke haɗa shi, gareji ba ya buɗe shi. Schnitzer ta yi abin mamaki duk da haka, Bruno Spengler ya ci tsere huɗu, ya ƙwace kofi daga hannun Gary Paffett na Mercedes a tseren ƙarshe a Hockenheim da tazarar maki 4, ƙungiyar ma ta ci kofin ƙungiyoyi. Amma abin da ya rage a hannunta shi ne saiti, dabarar lokacin tsayawa, da saurin canza taya. Waɗannan ana koyonsu cikin 'yan shekaru. Ƙungiyar RMG, wadda aka kafa musamman don wannan komawar, ita ta ci wa BMW kofin 2014 da na 2016 da Marco Wittmann. Da aka rage motoci a 2017, Schnitzer aka cire.

Aka mayar da ita GT3, rukunin tseren motocin gudu masu tsada, inda abin ya fi muni ga irinta. A GT3 mota a haɗe ake sayenta daga kamfani, an rubuta kowane ƙarfe a takardar rajista, canza shi laifi ne. Sannan masu gasa suna daidaita ƙarfin motoci da kansu: wadda ta cika gudu a ƙara mata nauyi ko a rage mata iskar turbo. Ko da injiniya ya gano wata dabara, ladansa shi ne a ɗora wa motarsa ƙarin kilo a tsere na gaba. Augusto Farfus ya ci musu kofin duniya na GT a Macau a 2018 da M6 GT3, tseren ƙarshe na Charly Lamm kafin ya miƙa wa Herbert Schnitzer ƙarami. Lamm ya rasu a Janairun 2019 yana da shekara 63. A 2020 Schnitzer ta zo ta uku a awa 24 na Nürburgring, wadda ta ci kuwa ROWE Racing ce, da M6 GT3 irin tata sak. Akawun kamfani da ya ga wannan sakamako, a shekarar korona da DTM ta rushe bayan ficewar Audi, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Masu kare waɗannan dokoki suna da hujja, kuma mai ƙarfi ce. Duk lokacin da aka sakar wa injiniyoyi mara, kuɗi ne ke cinye gasar. DTM ta farko ta mutu a ƙarshen 1996 da Alfa Romeo da Opel suka ce ba za su iya ba. Dokar lita 2 ta fara da arha ta ƙare da tsada, har a 2000 kamfani uku kacal suka rage a BTCC: Ford, Honda da Vauxhall. GT3 kuwa ta cika filaye da motoci a duk duniya, kuma akwatin direba na bai ɗaya ya ceci rayuka. Ban musa ko ɗaya ba. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne cewa zaɓi biyu ne kawai, ko a bar kowa ya ƙona kuɗi ko a kulle komai. An rage tsadar mota, amma an mayar da duk iko hannun kamfanoni uku ko huɗu, waɗanda shawarar zama ko tafiyarsu ba a filin tsere ake yanke ta ba. DTM ta zamanin kayan bai ɗaya ma ai ta mutu a 2020, kuma da kamfanonin suka janye babu garejin da zai iya ƙera irin motar da kansa.

Ingila ta bi hanya ta uku tun 2011. A dokar BTCC ta yanzu giya da birki da ƙarafunan da ke ɗauke da ƙafafu na bai ɗaya ne, don a tsare farashi. Amma gareji ne ke zaɓar motar da zai yi amfani da ita, ya haɗa bodin, ya kuma zaɓa ko ya yi hayar injin masu gasa ko ya sa a gina masa nasa mai lita 2 da turbo. West Surrey Racing, wadda Dick Bennetts ya kafa a 1981, ta yi aiki da Ford da Honda da MG kafin ta koma BMW. Ta ci kofin 2009 da Colin Turkington da kuɗin masu talla, ta haɗa BMW 125i da hannunta ta sake ci a 2014, daga baya ne kamfanin ya shigo da sunansa. Idan babu kamfanin, garejin zai ji jiki, amma ya san yadda ake rayuwa ba tare da shi ba, don ya taɓa yi. Ba na cewa BTCC ta kai DTM ƙayatarwa ko gudu. Ta dai fi ta tsawon rai a kan doka ɗaya.

Schnitzer ma tana da nata kason laifi, ko da masoyanta ba sa son ji. Shekara da shekaru abokin cinikinta ɗaya ne. Ba ta gina sashen da ke kula da motocin attajirai masu tsere don nishaɗi ba, alhali nan kuɗin GT3 yake. Kasuwar kayan gyaran mota mai suna AC Schnitzer, da mutane da yawa ke ɗauka ita ce ƙungiyar, kamfani ne daban a Aachen tun 1987. Abt, wadda ta yi wa Audi irin aikin da Schnitzer ta yi wa BMW, ta riƙe tata kasuwar gyaran motoci a gida ɗaya da tsere, shi ya sa ficewar Audi daga DTM ba ta rufe ta ba.

Inda BMW ta gaza shi ne a hanyar rabuwa. Kamfani ba gidan marayu ba ne, ba wanda zai tilasta masa biyan garejin da ba shi da aikin ba shi. Amma akwai misali a gabansa. A 2013 Porsche ta sayi kashi 51 na Manthey Racing, garejin da ya yi ta ci mata Nürburgring, ta mayar da shi wurin tsere da kula da motocin abokan ciniki da haɗa kayan gyara. Ƙwarewar makanikan ta zauna a wuri ɗaya, sunan ya ci gaba da kawo kuɗi. A lokacin da aka sallami Schnitzer, BMW na shirin fito da M4 GT3, motar da za ta buƙaci masu gwaji da masu koya wa abokan ciniki saiti. Mutanen da suka san yadda ake kai mota ƙarshen awa 24 suna Freilassing, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba daga Munich, aka bari suka watse zuwa wasu garejin.